An Fizge Wayata, Kalmomin Sirrina Duk Suna Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, kuma duk cinikina a waya nake yi. Ranar Laraba da magariba ina cikin adaidaita sahu, ina duba saƙon wata kwastoma, sai wani yaro ya zuro hannu ya fizge wayar ya faɗa lungu. Tecno ce, kuma a buɗe take lokacin da ya ɗauke ta. Layukana biyu suna ciki. Kalmomin sirrina duk Google ne yake riƙe mini su, na Facebook, na Instagram da nake tallata kaya, da na manhajojin banki. Ko na imel ɗin ma ban sani ba, don yaron shagon da na sayi wayar ne ya buɗe mini shi. Maigida ya ce in yi haƙuri, waya ce kawai, za a sayi wata, amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Shin wanda ya ɗauke ta zai iya ganin kalmomin nan? Kuma da me zan fara? Da wayar ƙanwata nake rubuto maka.
— Wata 'yar kasuwa, Hotoro, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya tsare gaba. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a kan waya bai taɓa lafiyarki ba, don mun san yadda ƙwacen waya yake ƙarewa wani lokaci a garin nan. Na tura miki amsa a taƙaice ranar da saƙonki ya shigo, saboda irin wannan ba ya jiran fitowar mujalla. Wannan cikakken bayanin naki ne da sauran masu karatu.

Maigida ya yi gaskiya wajen cewa a yi haƙuri, amma rashin kwanciyar hankalinki ma yana da dalili. Kalmomin sirrin da Google ke ajiye miki ba a baje suke a fili ba. Duk wanda ya shiga inda suke ya taɓa ɗaya don ya karanta, sai wayar ta nemi abin da kike buɗe allo da shi, lamba ko zane ko yatsa. Idan yaron bai san wannan ba, ba zai karanta su ba. To amma ba sai ya karanta ba. Wayar da aka fizge a buɗe, Gmail ɗinta a buɗe yake, Facebook a buɗe, WhatsApp a buɗe, babu mai tambayarsa komai. Kuma kusan kowane shafi yana da wurin da mutum zai danna ya ce ya manta kalmar sirrinsa, sai a turo masa hanyar sanya sabuwa ta imel ko ta saƙon tes. Imel ɗin yana hannunsa, layin ma yana hannunsa.

Layin nan shi ya fi damuna. Ko allon ya kulle kansa kafin yaron ya tsaya da gudu, zare sim ya sa a 'yar ƙaramar waya mai madannai ba wani aiki ba ne. Daga nan duk lambar da banki ko Google ko Facebook suka turo, wurinsa za ta je. Da layin zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, ya danna *346# ya ga NIN ɗinki. Layi kamar makullin durowar da aka zuba sauran makullan gida ne: wanda ya riƙe shi ba ya buƙatar fasa ƙofa. Saboda haka ki bar maganar wayar tukuna, ki fara da layi.

Ki samu wanda yake amfani da kamfanin layi irin naki ki kira 300. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta mayar da wannan lambar ta zama ta sashen kula da abokan hulɗa a duk kamfanonin layi. Ki ce an sace wayarki, a rufe layin. Idan ba ki samu biyan buƙata ta waya ba, da sassafe ki je ofishinsu, kuma ko ma an rufe sai kin je, don a can ake yin abin da mutane ke kira walkam bak, wato a ba ki sabon sim mai tsohuwar lambarki. Ki tafi da NIN ɗinki. Za su tantance fuskarki ko yatsunki, yawanci kuma sukan tambayi lambobin da kika fi kira da katin ƙarshe da kika sa. Idan babu katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, akan nemi takardar rantsuwa ta kotu. Wani abu da yake yawan kawo wa mata cikas a nan: idan da sunan maigida ko wani ɗan'uwa aka yi wa layin rajista, to shi za a tantance, sai ku tafi tare. Da zarar sabon sim ya fara aiki, tsohon ya mutu a hannun ɓarawo. Layukanki biyu ne, ki fara da wanda yake haɗe da banki da BVN, amma kada ki bar ɗayan ya kwana biyu.

Banki kuma ba sai layi ya dawo ba. Bankuna da dama suna da lambar da ake rufe asusu da ita daga kowace waya, ko da ba ta mai asusun ba ce. Ta Access ita ce *901*911#, ta Zenith *966*911#, ta First Bank *894*911#, ta UBA *919*911#. Idan bankinki ba ya cikin waɗannan, akwai lambar kiran banki a bayan katin ATM. Rufewar za ta hana ke kanki cirar kuɗi har sai kin je reshe da katin shaidarki, kuma na san wannan takura ce ga mai ciniki kullum. Ki jure ta. Idan kina da OPay ko PalmPay, kada ki manta da su, musamman da yake lambar wayarki ce lambar asusun. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah: akwai katin ATM a soke a bayan wayar, cikin robar da ake sa mata? Kin taɓa ɗaukar hoton katin gaba da baya kika tura wa wani? Idan e ne, a rufe katin ma, a ba ki sabo.

Yanzu ga imel. Tunda ba ki san kalmar sirrinsa ba, layin da kika dawo da shi ne zai mayar miki da shi, matuƙar lambarki aka sa lokacin buɗewa. Ki shiga g.co/recover, ki rubuta adireshin imel ɗin ko lambar wayar, ki bi tambayoyin. Idan akwai wata na'ura da kika taɓa shiga imel ɗin da ita, tsohuwar waya ko kwamfutar gida, ita ta fi dacewa, don Google ya fi saurin yarda da na'urar da ya sani. Idan ya ce ya tura saƙo zuwa wayar da aka sace, ki zaɓi a gwada wata hanyar. Sabuwar kalmar da za ki sa, ke kaɗai za ki san ta. Ban ce yaron shago mugu ba ne, yawancinsu taimako suke yi, amma sukan sa abu mai sauƙi, sunan mutum da lambar wayarsa, wani ma kalma ɗaya yake sa wa kowa don kada ya manta.

Da kin samu shiga, kafin ki taɓa komai, ki je android.com/find. Idan wayar tana kunne da intanet, za ki ga inda take a taswira, kuma za ki iya kulle ta ko ki goge duk abin da ke cikinta. Shawarata ki goge, kada ki tsaya jiran ko za a dawo da ita. Idan a kashe take, umarnin yana nan yana jira, ranar da ta hau intanet sai ya yi aiki. Bayan gogewa ba za ki sake ganin inda take ba, katin memori ma ba lallai ya gogu ba, amma hotuna da lambobin da suka riga suka hau asusun Google suna nan za ki same su a sabuwar waya. In kuma kin ga wurin a taswira, don Allah kada ki tura ƙanne ko yaran unguwa su bi sawu. Ki kai wa 'yan sanda, haɗe da lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, mai alƙaluma 15 da ke jikin kwalinta.

Sai ki shiga myaccount.google.com, sashen da aka rubuta Security. A nan akwai jerin duk na'urorin da asusunki ke buɗe a kansu. Ki nemo Tecno ɗin ki fitar da asusun daga kanta. A shafin dai, ki duba lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da asusu, ko har yanzu naki ne. Wanda ya san abin da yake yi, nan yake fara canzawa, don ko kin sauya kalmar sirri ya sake dawowa ta baya.

Ga kuskuren da mutane da yawa ke yi a daidai nan. Sun canza kalmar sirrin Google, sai su ɗauka an gama. Canza ta bai canza waɗanda take riƙe da su ba. Ki buɗe passwords.google.com, za ki ga dukkansu a jere, wataƙila ma har da shafukan da kin manta kin taɓa shiga. Tunda ba mu da tabbacin ko yaron ya ga zanen da kike buɗe allo da shi (sau da yawa maiƙon yatsa kan bar sawun zanen a kan gilashi, a karkata wayar a haske sai a gan shi), ki ɗauka duk an gani. Ki fara da duk abin da ya shafi kuɗi, sai Instagram da Facebook da kike kasuwanci da su, sauran ki bi su a hankali cikin mako. A Facebook da Instagram, bayan canza kalmar, akwai wurin da ke nuna duk inda asusun yake buɗe, ki fitar da shi daga ko'ina. Kowanne da tasa kalmar daban. Ba sai kin wahalar da kanki wajen ƙirƙira ba, Google yana kawo shawarar mai ƙarfi ya kuma ajiye miki.

WhatsApp ya fi sauƙi, amma ga mai sana'a irin taki nan ne aka fi yin ɓarna. Ki sa shi a sabuwar waya da lambarki, za a turo lamba mai alƙaluma shida, da kin shigar da ita sai ya rufe a tsohuwar wayar. Idan ya nemi wata lambar sirri ta biyu da ba ke kika sa ba, to ɓarawon ne ya sa, sai kin jira kwana bakwai kafin ki shiga, amma shi ma an riga an fitar da shi. Kafin nan, yau ɗin nan, ki sa ƙanwarki da ƙawayenki su sanar a sitatus da guruf-guruf cewa an sace wayarki, kada kowa ya tura kuɗin kaya zuwa wani sabon asusu, kada kuma a amsa roƙon rance da sunanki. Kwastomar da ta saba da ke, idan ta ga saƙo daga lambarki da hotonki ana cewa "na canza akawun, ki tura nan", ba za ta yi shakka ba. Asarar kuɗinta ce, amma sunanki ne zai ɓaci.

Abu na ƙarshe, ki zauna ki tuna wuraren da kika rubuta sirri da hannunki. Saƙon da kika tura wa kanki a WhatsApp, manhajar rubutu, lambar da kika ajiye cikin sunayen mutane da sunan "ATM" ko "fin". Waɗannan babu wani kulle a kansu, kuma duk lambar da ke ciki sai an canza ta.

Tambaya: Malam, iPhone ɗina ta faɗi a mota tsakanin Kaduna da Zariya. Na shiga iCloud na sa ta a yanayin ɓata, na rubuta lambar yayana a allon. Bayan kwanaki sai ga saƙo a wayarsa, wai daga Apple, an gano inda wayar take, in danna wani adireshi in shiga da Apple ID ɗina. In danna?
— Wani ɗalibi, Samaru, Zariya

Amsa: Kada ka danna, ɗan'uwa. Wanda wayar ke hannunsa ne ya turo, ko wanda ya sayar wa. Ya ga lambar yayanka a allon, shi ya sa saƙon ya je can. iPhone ɗin da ke ɗaure da asusun mai ita ba ta amfanuwa ko an goge ta, sai an shigar da Apple ID da kalmar sirrinsa, don haka abin da ya rage musu shi ne su yaudare ka ka ba su da hannunka. Shafin da za ka tarar zai yi kama da na Apple sak. Ka rubuta kalmar a ciki, sun samu wayar, sun kuma samu hanyar kaiwa ga abin da ke cikin asusunka.

In kana son duba inda take, ka rubuta icloud.com/find da kanka. Kana iya goge ta daga can, amma kada ka cire ta daga jerin na'urorinka, don cirewar ce ke kwance ɗaurin. Wasu har kira suke yi, ko su turo barazanar za su watsa hotunanka idan ba ka cire ba. Kada ka amsa. Ka canza kalmar sirrin Apple ID, ka kuma bi maganar layi da banki da na yi wa Hajiya a sama. Idan Allah ya hore maka wata, ka kunna Stolen Device Protection, wanda ya zo da iOS 17.3 a farkon 2024. Da shi, idan wayar ba ta gida ko wurin da ta saba, ganin kalmomin sirri sai da fuskarka ko yatsanka, lambar allo kaɗai ba ta isa ba, canza kalmar Apple ID kuma sai an jira awa ɗaya.

Tambaya: Malam, an sace wayar maƙwabcina aka kwashe masa kuɗi a dare ɗaya. Tun daga nan nake tunanin in goge duk kalmomin sirrin da ke wayata in mayar da su littafi. Ya kake gani?
— Wani malamin makaranta, Katsina

Amsa: Malam, na fahimci tsoronka, amma ban goyi bayan gogewar ba. Wanda ya daina barin waya ta riƙe masa, ƙarshenta kalma ɗaya mai sauƙi yake sa wa komai don gudun wahalar duba littafi, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ka bar su inda suke, ka ƙarfafa abin da ke tsare su.

Littafin yana da aikinsa, amma abu kaɗan za ka rubuta. Adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa, wadda ya kamata ma ka haddace. Lambar IMEI, da za ka gani idan ka danna *#06#. Lambar rufe asusun bankinka. Sai lambobin ajiya na Google: idan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a nemi ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga, a sashen Security za a ba ka lambobi goma masu alƙaluma takwas-takwas, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, kuma da su za ka shiga imel ɗinka ko babu waya babu layi. Littafin ya zauna a gida inda kake ajiye takardun makaranta da na fili, ba a aljihu ba, kuma kada ka ɗauki hotonsa.

A wayar, ka bar zane ka koma lamba mai alƙaluma shida ko fiye, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma ita ce ta ATM ko ta manhajar banki ba. A cikin mutane ka riƙa buɗewa da yatsa, don na kusa da kai a mota yana iya kallon hannunka. Ka rage lokacin da allo ke ɗauka kafin ya kulle kansa, ka kuma hana saƙonni nuna abin da ke cikinsu idan allon yana kulle, in ba haka ba lambar banki za ta fito ɓaro-ɓaro ba tare da an buɗe wayar ba. Idan wayarka Android 10 ce ko sama, ka nemi Theft protection a cikin saitunan Google. Tun 2024 aka kawo shi. Yana kulle allon idan ya ji alamar an fizge wayar an ruga da ita, akwai kuma Remote Lock da zai ba ka damar kulle ta daga android.com/lock da lambar wayarka kawai. Sai an kunna su tun wayar tana hannunka suke aiki.

Wanda na fi so ka yi yau, kafin ka kwanta, shi ne sa wa sim ɗinka lambar sirri. Yana cikin saitunan tsaro, wurin kulle sim. Da shi, duk wanda ya zare layinka ya sa a wata waya, ko ya kashe taka ya kunna, sai an tambaye shi lambar, idan babu ita ba kira ba saƙo. Amma ka yi hattara wajen kunnawa: za a fara tambayarka lambar da sim ɗin ya zo da ita daga kamfani. Idan ba ka san ta ba, ka kira 300 ka tambaya, kada ka yi ta canki-canka. Kuskure uku yana kulle sim ɗin, daga nan sai da lambar buɗe shi da ake kira PUK, mai alƙaluma takwas, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuma idan aka yi kuskuren PUK sau goma sim ɗin ya mutu ke nan, sai an je ofis an yi sabo. Ka nemo katin nan ka ajiye a gabanka kafin ka fara.